Kalangun da Zakara Ya Miƙar

Shafi na 17

Don Allah ku bar ni in sha ruwa! Tun safe wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce na tsani 'yan Zakara, wancan ya ce 'yan Kifi sun saye ni. Ni da ko rediyo sai an kamo min tasha? Ku ji da kanku.

Wanda ya shigo yau kuwa, ga inda muke. Zakara da Kifi manhajoji ne biyu na haɗa kiɗa a kwamfuta. Suna da sunayensu na Turawa, amma ba wanda ya wahalar da bakinsa: ɗaya in an buɗe jan zakara ke fitowa, ɗaya shuɗin kifi, shi ke nan suna ya bi su. A shekarun da kuɗin mai ya sake tumbatsa a Fatakwal, kowane mai shago yana son a yi masa waƙar talla, samarinmu na Kudu suka rabu gida biyu a kan abin nan. Ramlatu kuma Allah Ya sa ta a tsakiya. Ƙaninta Yero shi ne Ciyaman na 'yan Zakara, mijinta Muntaka kuwa in ka kushe Kifi kamar ka zagi danginsa ne. Mahaifinta, Baba Kallamu, makaɗin mahauta ne, wata huɗu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye. Kafin ciwon Yero ya ɗauki kiɗansa na ƙarshe, kuma jibi Asabar za a sa shi a naɗin Sarkin Fawa a Hed Birij, kasuwar bakin gadar Anaca, gaban mahautan Anaca da Inugu da Fatakwal.

Tun daga Fatakwal har Anaca, awa huɗu cur a mota, Muntaka bai yi wata magana ba sai ta Kifi. Ramlatu ta yi barcin ƙarya, ta yi na gaske, ta farka, yana nan inda ta bar shi. Da okada ta sauke su a ƙofar gida a unguwar Fegge, ko jakarta ba ta tsaya ɗauka ba ta shige ɗakin mahaifinta.

"Salamu alaikum. Baba, mun iso. Ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Shiru.

Yana kwance, fuskarsa na kallon bango. Ta leƙa ta ga idonsa biyu, ga kuma sawun hawaye ya bushe a gefen hancinsa. Mutumin da ya bar garin nan a ƙafa lokacin yaƙin basasa, ya dawo bayan an gama ba shi da komai sai kalangu a hammata, ko ranar da ciwon ya kayar da shi bai yi kuka ba.

Mahaifiyarta, Inna Hajo, ta leƙo daga tsakar gida.

"Tun hantsi yake haka. Yero ya shigo da sifika ya kunna masa kiɗan nan, ya saurara, ya juya. Ko kunu ya ƙi karɓa."

Ramlatu ta juya. Ta fito ta nufi shagon Yero da ke jikin gidan, wanda aka zana wa ƙaton jan zakara a ƙofa, har da ƙafa ɗaya a sama. Tun daga waje ta ji Yero da Muntaka sun fara.

"Minti ɗaya! Zakara minti ɗaya ya buɗe. Naku fa? Sai ka danna, ka je ka yi alwala, ka yi sallah, ka dawo ka tarar yana iyo."

"Abu mai nauyi ke nan, yaro. Ba kayan wasan masu tallar maganin basir ba ne."

"In NEPA ta ɗauke wuta fa? Zakara ya adana maka aikinka. Kifi kuwa sai ka ɗora hannu a ka."

"Kai ka taɓa jin an ɗauki muryar mutum da Zakara ta fito kamar ta mutum? Sai ka ce a cikin gwangwani ake magana."

"Abeg, Yaya Muntaka, make we hear word!"

"Ko gaisawa kun yi?" Ramlatu ta ce daga bakin ƙofa.

Suka dubi juna. Ba su gaisa ba. Shekara shida ke nan tana fama da wannan, a suna, a biki, har a zaman makoki sai da aka taɓa raba su.

"Yero, kunna min abin da ka kunna wa Baba."

"Yauwa, Yaya! Ke dai zauna ki ji aiki."

"Tsaya tukuna." Ta leƙa waje, inda wani tsoho ke zaune a benci yana jan carbi. Baba Arzika ne, tsohon mahauci, aminin mahaifinta, mota ɗaya ta dawo da su Anaca bayan yaƙi. "Baba Arzika, don Allah shigo ka taya mu ji."

Tsohon ya shigo ya zauna a kan kujerar roba. Yero ya gyara tabarau, ya danna.

Kiɗa ya tashi. Tsaf, babu ko ƙura, kamar rigar da aka goga da sitati. Yero yana gyaɗa kai yana lumshe ido. Ramlatu kuwa fuskar Baba Arzika kawai take kallo.

Da ya ƙare, tsohon ya ce, "Ma sha Allah, ya yi daɗi. Na wane fim ne?"

Yero ya buɗe ido. "Baba Arzika, takenka ne fa! Taken gidanku!"

"Nawa?"

"Naka mana!"

"To sake sawa."

Aka sake. Tsohon ya karkata kunne, ya fara ɗaga hannunsa na hagu a hankali, ya kai shi rabi, yana jira. Kiɗan ya wuce abinsa. Hannun ya tsaya a iska, sannan ya sauko kan gwiwa.

"Ina wurin tsayawar?" ya ce.

Wanda bai tashi cikin mahauta ba ba zai gane ba, bari in faɗa muku. Kowane gidan fawa yana da takensa, kuma kalangu ne ke faɗarsa kamar da baki. Na gidan su Arzika cewa yake: Arzika jikan Manu, mai yanka da hagu. To kafin ya ce hagu, Baba Kallamu kan matse kalangun a hammata ya riƙe gular kiɗan a sama, ya yi shiru kamar ya manta. A cikin wannan shirun ne duk ɗan gidan zai ɗaga hannun hagu, sannan bugun ya sauka, wuri ya kaure da ihu. Shekara hamsin ana haka.

"Oho, wurin nan," Yero ya ce, ya juyo da allon kwamfutar. "Ai nan ne Baba yake makara. Duk take arba'in da ɗayan haka ya yi, ya ja a nan, ya ruga a can. Tsufa ne. Sati uku na yi ina ɗora kowane bugu a kan layinsa. Ku duba, ko ɗaya bai kauce ba. Wannan aikin Zakara kaɗai ke iya shi."

Ramlatu ta juyo ta dube shi.

"Makara? Baba ne ke makara?"

"Yaya, ba ki san harkar ba..."

"Rufe min baki! A ɗakin da ake rataye kalangun nan aka haife ka. Kalangu magana yake yi, Yero. Ka taɓa ganin mai magana wanda ba ya numfashi? Ka bi ka tsince masa numfashi ɗaya bayan ɗaya, ka zo kana nuna min layi!"

Muntaka ya gyara zama, fuskarsa ta cika da annuri kamar an yi masa albishir.

"Na faɗa! Ban faɗa ba? Maman Sa'a, a mota me na ce miki? Zakara bai san komai ba sai layi. Da Kifi ne, yadda tsoho ya buga haka zai..."

"Da Kifi ne da har yanzu bai gama buɗewa ba!"

"Da Kifi ne da Baba Arzika ya gane gidansu!"

"Ku da sai kun soka makulli kafin ku yi aiki, kamar masu tayar da tsohuwar mota!"

Ramlatu ta ɗaga hannu ta daki teburin, har sifika ta yi tsalle.

"Wallahi na gaji da ku! Na gaji! Ubana yana can yana kuka da bango, jibi mutum ɗari uku za su zauna su ji takensu su kasa ganewa, ku kuna nan kuna kaza da kifi kamar masu sayar da abinci a bakin tasha. Baban Sa'a, in ka ƙara cewa na faɗa, yau a Fegge za ka kwana kai kaɗai, ni in koma."

Muntaka ya haɗiye sauran maganarsa.

Ta juya kan ƙaninta. "Ina na asalin? Yadda Baba ya buga da hannunsa, kafin ka sa naka hannun."

Yero ya sunkuyar da kai, ya shiga goge tabarau da bakin riga.

"Babu."

"Kamar yaya babu?"

"Na adana gyararren a kansa. Ya tafi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Baba Arzika ya ce a hankali.

Ramlatu ta jingina da bango. Hannun Baba ba zai sake riƙe gula ba, likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye. Take arba'in da ɗaya, wasu masu su sun mutu, wasu jikoki ne kawai suka rage, kuma babu wani mai rai da ya haddace su duka. Tana ji kamar ta kama yaron nan ta yi ta jijjiga shi.

Sai idonta ya sauka kan tabaran da ya mayar fuskarsa. Jan allon kwamfutar ya haska a cikin gilasan, jawur.

Ta tsaya. Ta ƙara kallo.

"Yero."

"Na'am, Yaya."

"Ranar da kake ɗaukar kiɗan nan, satin sunan ɗanka ne, muna gari. Ni na kawo muku abinci nan."

"Haka ne."

"Ina shigowa ka yi wuf ka jefa tawul a kan kwamfuta."

"Ƙura ce..."

"A tsakiyar damina? Ka rufe allo, amma ba ka rufe idonka ba. Na ga hasken a tabaranka, har na ce a raina yau kuma Yero ya canza fenti. Ba ja ba ne ranar. Shuɗi ne."



Muntaka ya miƙe a hankali. "Shuɗi?"

"Yaya, hasken taga ne..."

"Shagon nan yana da taga? Nuna min ita!"

Yero ya dubi ƙofa, ya dubi rufi, ya dubi Baba Arzika kamar zai cece shi. Tsohon ya ci gaba da jan carbinsa. Can sai Yero ya zame daga kujera ya tsuguna, murya ƙasa ƙasa.

"Don girman Allah ku rage murya, akwai mutane a waje. Na gwada da Zakara, wallahi na gwada, kwana biyu. Duk sanda Baba ya matse kalangun, ƙasan sautin sai ya ɓace. Na ga tsoho yana gajiya. Shi ne na... na ɗauka da ɗayan. Daga baya na juye a Zakara na gyara."

"Faɗi sunansa," Muntaka ya ce, har rawa muryarsa take yi don daɗi. "Ciyaman, faɗi sunansa in ji da kunnena."

"Baban Sa'a!"

"Yi haƙuri."

"Wato na asalin yana nan?" Ramlatu ta ce.

"Yana ciki. A kulle."

"Yana nan, ka dubi idona ka ce babu? Ka gwammace kiɗan ubanka ya mutu da a ce an ga kifi a kwamfutarka?"

"Yaya, ba ki san abin da na yi a Inugu ba. A shagon Gimba, gaban mutum goma sha biyu, na rantse duk ranar da hannuna ya taɓa Kifi zan sauke allon shagona in koma sayar da tumatir a Hed Birij. Su suka zaɓe ni. Yaran nan in na shigo miƙewa suke yi."

"Su miƙe su faɗi! Rantsuwa a kan zanen kaza! Kai ko kunya ba ka ji?"

Muntaka dai yana tsaye yana murmushi, sai kuma murmushin ya fara raguwa. Ya ƙanƙance ido.

"Tsaya. Kifi ba ya buɗewa sai da makulli. Duk Anaca ba mai shi. A ina ka samu?"

Makullin nan wani ɗan ƙarfe ne kamar ɗan yatsa, da zanen kifi a jiki, ana soka shi a kwamfuta. Kuma aikin da aka yi da makulli, da shi kaɗai yake buɗuwa. Muntaka a wuya yake rataye nasa kamar laya, sai zai yi wanka yake cirewa.

Yero ya kau da kai.

Ramlatu ta juya gaba ɗaya ta fuskanci mijinta.

"Satin suna. Satin da makullinka ya ɓace."

"Maman Sa'a..."

"Wata huɗu! Wata huɗu kana cewa ni na haɗa shi da wanki na zubar a kwata. Ka sa na kwance katifa, na zazzage buhun shinkafa, na bi kwatar gidanmu da tsinke mutanen layi suna kallona. Sati biyu ba ka ci abincina ba. Har Kasuwar Creek Road ka bi ni rumfa kana tambayata ko na tuna!"

"Ai ban san wannan ɓarawon ne..."

"Aro na yi," Yero ya ce daga ƙasa. "Kana wanka na ɗauka. Na so in mayar, sai ka tayar da hankalin gida, na ji tsoro."

"Aro? Zan nuna maka aro!"

"Ba wanda zai nuna wa wani komai," Ramlatu ta ce. Sai kuma ta karkata kai tana kallon mijinta. "Baban Sa'a. Wata huɗu ba ka da makulli."

"Eh, saboda wannan..."

"Amma kullum kana shago. Waƙar masu gidan mai ka gama ta, ta mai sayar da atamfa ka gama ta, har a rediyo na ji. Da me kake aiki?"

Muntaka ya sosa ƙeya. Ya dubi takalminsa.

Yero ya ɗago kai a hankali daga inda yake tsugune, ido waje.

"Yaya Muntaka... Zakara?"

"Na wucin gadi ne."

"Zakara kake amfani da shi!"

"Na ce na wucin gadi ne! Kuma ko daɗinsa ban ji ba."

"Awa huɗu," Ramlatu ta ce, tana tafa hannu. "Awa huɗu ka hana ni barci a mota kana zagin abin da kake ci da mu da shi. Kai kuma kana zagin abin da ka sata don ka yi aiki da shi. Allah Ya isa tsakanina da ku biyun nan, wallahi. Baba Arzika, ka gani ko? Waɗannan su ne mazan gidanmu."

Tsohon ya girgiza kai kawai.

"To ya isa. Yero, tashi. Kawo makullin, ka buɗe, mu kai wa Baba ya ji hannunsa. Sauran maganar ma yi ta bayan Asabar."

Yero ya miƙe da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. "Yana ɗakin Baba. Na san ba mai taɓa wurin. Cikin jakar kalangu na sa shi, can ƙasa."

Carbin Baba Arzika ya tsaya.

Ramlatu ba ta lura ba, ta riga ta fita. Suka bi ta a baya, har tsohon, yana ta kiran sunanta ba ta ji. Ta tura ƙofar ɗakin, ta leƙa bayanta inda ake rataye jakar tun tana yarinya.

Ƙusa ce kawai a bango.

"Inna! Ina kalangun Baba?"

"Na bayar."

Ba Inna ce ta amsa ba. Daga kan gado muryar ta fito, a karkace, kowace kalma sai ya ja ta da ƙyar. Baba Kallamu bai juyo ba.

Ramlatu ta durƙusa a bakin gadon. "Baba, ka bayar? Wa ka ba?"

"Na ji... abin da na kaɗa." Ya numfasa. "Ashe tun kafin ciwo... hannun ya mutu. Kuna ji... ba wanda ya faɗa min."

"Baba, ba haka ba ne!"

"Mai irin wannan kiɗa... bai kamata ya ajiye kalangu ba."

Sai yanzu ta gane kukan. Ba haushin Yero yake ji ba, bai ma san an taɓa komai ba. Shi a saninsa inji abin da aka ba shi yake mayarwa. Tun hantsi yake kwance yana zaton haka ya yi ta bugawa a gaban mutane, suna rufa masa asiri.

Hawaye ya zubo mata. "Wallahi Baba ba kai ba ne. Yero ne ya gyara a kwamfuta. Hannunka lafiya lau yake ranar, ina wurin."

"Ke 'yar kirki ce, Ramlatu," ya ce. "Amma kunnena... bai shanye ba."

Yero ya dafa bango. Wannan karon ba wanda ya ce masa ya yi shiru, shi ya yi da kansa.

Baba Arzika ya matso. "Ni ya ba, 'yata. Ya ce in kai wa direban motar shanu da za ta koma Arewa, a miƙa wa ɗan ƙaninsa a Potiskum. Na roƙe shi ya ƙi. Ban san da wani abu a ciki ba."

"Motar ta tashi?"

"Ana idar da azahar."

Ramlatu ta dubi agogon bango. Uku da kwata.

"Ta wace hanya?"

"Ta Inugu. Sukan tsaya a Nain Mail, gab da Inugu, su ci abinci su yi la'asar, daga nan kuma sai Makurɗi. Direban ba ya riƙe waya. Kuma ki sani, kalangun amana ce a hannunsa, ko ni na je ba zai ba ni ba. Sai dai a roƙe shi a buɗe jakar a gabansa a ciro abin da ba na ciki ba."

"Ko yanzu muka hau mota ba za mu cim musu ba," Muntaka ya ce, a karo na farko yau da ya faɗi abu mai amfani. "Sai dai wanda yake can."

"Wa muke da shi kusa da Nain Mail?"

Muntaka ya dubi Yero. Baba Arzika ya dubi Yero. Ramlatu ta share hawayenta da bakin mayafi, ita ma ta dube shi.

"A'a," Yero ya ce, yana ja da baya. "Yaya, a'a. Ban da Gimba. Shagonsa ne fa na yi rantsuwar. In ya sa hannu a jakar nan ya ciro, zanen kifi ne a jiki ƙuru-ƙuru. Kafin magariba duk Inugu ta ji."

"Ta ji mana."

"Mu nemi wani. Akwai wani mai shayi..."

"Kana da lambarsa?"

"Babu."

"Gimba yana da babur?"

"Yana da shi, amma..."

Ta sa hannu a aljihun rigarsa ta zaro wayarsa, bai ma yi yunƙurin hana ta ba. Ba ta sha wahalar nema ba, sunan yana can sama, an rubuta Gimba Zakara. Ta danna, ta kama hannunsa ta dangwara masa wayar a tafi, ta riƙe wuyan hannun gam.

"Dubi gadon can," ta ce a hankali. "Dube shi da kyau, sannan ka zaɓa."

Baba Kallamu yana nan yadda yake, fuska a bango, hannun dama a yashe kan zani.

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. A na uku aka ɗauka, hayaniya da kiɗa suka cika ɗakin.

"Zakara ya yi cara!" muryar Gimba ta faso, cike da murna. "Ciyaman da kansa! Kai, ka kira a daidai. Duk muna nan a shago, mu goma sha biyu, muna shirin tahowa Asabar mu ji yadda ka kunyata 'yan Kifi da kiɗan Baba. Ku kashe kiɗan nan, Ciyaman ne! Na sa ka a sifika, kowa na jin ka. Yi magana, ranka ya daɗe."

Yero ya dubi wayar. Ya dubi bayan mahaifinsa.

Agogon bango ya ce uku da minti ashirin.

"Gimba," ya ce. "Ɗauki makullin babur ɗinka. Akwai abin da zan faɗa muku."